Sauke Anga a Ruwan Legas

Gaɓar tekun Legas ba ta da lungu. Duk inda mutum ya tsaya a bakin teku, ya duba gabas ya duba yamma, yashi ne miƙe sambal, igiyar ruwa tana dukansa dare da rana. Babu dutsen da ya tare iska, babu inda ƙasa ta lanƙwasa ta yi wa jirgi mafaka. Saboda haka mai ƙaramin jirgi da ke son ya tsaya ya huta, ko ya kwana a kan ruwa, dole ne ya shigo ciki: ko dai bayan katangun duwatsun da ke bakin tashar jiragen ruwa, ko kuma cikin dogon mashigin da ya bi ta bayan gaɓa tun daga Apapa har Badagry, ya zarce Porto-Novo a Jamhuriyar Benin. Wannan hanyar muka bi ni da kawuna a watan Disamba, hunturu ya fara sauko da hazo.

A Agege aka haife ni, goro ne ya kawo kakana garin. Mu Hausawan Legas ta ƙasa muka san birnin nan: Mile 12, Alaba Rago, Idi-Araba, Obalende, layin tankokin mai na Apapa. Ruwa kuwa sai dai mu hango shi ta tagar mota a kan gadar Third Mainland. Amma mahaifiyata 'yar Yawuri ce, daga gidan Sarkawa masunta, kuma ƙanenta ya daɗe a Legas yana tuƙa jirgin shaƙatawa na wani ɗan kasuwa. Jirgi ne mai tsawon mita 11, da injin dizil biyu, da ɗaki mai gado a ciki, da ɗan wurin girki. Mai jirgin ya ce a kai masa shi Badagry, can zai iske shi da baƙinsa ta mota, kuma tunda an sa sabuwar sarƙar anga, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi wuri ɗaya, Kawu ya tafi a hankali yana gwada ta a hanya. Shi ne ya aiko mini cewa in ina son ganin Legas ta baya, in haɗa jakata in zo. Na ukunmu yaron jirgi ne, ɗan ƙabilar Egun daga Badagry, yana jin Hausa daidai gwargwado saboda zama da Kawu.

Tun muna loda kaya Kawu ya gaya mini abin da ya ɗauka shi ne sana'ar. Ya ce tuƙa jirgi a sarari, mai hankali zai iya cikin ɗan lokaci. Amma a tsayar da shi wuri ɗaya, a kashe inji, a yi barci, a farka a same shi inda aka bar shi, a nan ake gane matuƙi.

Da hantsi muka tashi daga mashigin Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island. Kafin a kunna inji ya buɗe jadawalin cikar ruwa a wayarsa ya nuna mini. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini da dare. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kusan minti 25, don haka kowace rana lokacin yana jinkirtawa da wajen minti 50. A Legas tazarar tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa ba ta da yawa, ba ta cika wuce mita 1 ba, kuma ta fi girma a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15. Mita ɗaya kamar ba wani abu ba ne, sai dai ruwan tafkin Legas da mashigansa duk ta ƙofar da ke tsakanin katangun nan yake shiga yake fita, shi ya sa yake gudu da ƙarfi a bakin tasha. Kawu ya ce a kogin Kwara, inda ya koyi ruwa, hanya ɗaya ruwa ya sani. Ka ɗaura dutse a igiya ka jefa, goshin kwalekwalenka zai kalli inda ruwa ke fitowa har gobe. A nan kuwa ruwa yana zuwa yana komawa, kuma jirgi yana binsa.

Muka fito tasha muka juya kudu, muna bin gefen dama kamar yadda dokar ruwa ta ce, don tsakiyar hanya ta manyan jirage ce. Ta hagu ga Victoria Island da sababbin benayen Eko Atlantic, ta dama ga tankunan mai na Atlas Cove. Gaba kaɗan sai katangun duwatsun nan biyu, ta gabas da ta yamma, sun miƙa cikin teku. Turawan mulki ne suka gina su tsakanin 1908 da 1912, da duwatsun da aka riƙa kawowa a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta. Kafin nan tudun yashi ne a bakin mashigar, manyan jirage ba sa iya ƙetare shi. Can waje suke sauke anga, a kwashe fasinja da kaya a ƙananan jirage, kuma an yi asarar rayuka da yawa a kan wannan tudu. Sai a 1914 jirgin wasiƙu na farko ya shigo har ciki. Katangun sun gyara wani abu sun ɓata wani. Igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take turo yashi zuwa gabas, to katangar yamma sai ta tare shi. Gaɓar da ke wajen tsohuwar hasumiyar fitila ta yi ta faɗi, Bar Beach kuwa ruwa ya yi ta cinta shekara da shekaru, har yana haurowa titin Ahmadu Bello, kafin a cike wurin a gina katangar Eko Atlantic.

Tarkwa Bay ɗiyar wannan aiki ce. Tana tsakanin katangar yamma da wata gajeriyar katanga ta ciki, ita ce kusan lungu ɗaya tilo a bakin tekun Legas, kuma hannun mutum ne ya yi ta. Ba titin da ya kai can, sai ta ruwa.

Na yi zaton muna isa za a jefa anga a kashe inji. Kawu bai ko kalli angar ba. Ya rage gudu ya zagaya lungun a hankali, ido ɗaya a na'urar auna zurfi, ɗaya a kan jiragen da suka riga mu. Yana duba inda goshinsu ya fuskanta, don nan ne za a gane wanda ya fi ƙarfi tsakanin iska da ruwa a wannan sa'a. Ya kauce wa hanyar kwalekwalen haya masu sauke 'yan yawon shaƙatawa, ya kauce wa inda igiya ke fara tashi kafin ta karye.

Na ce, "Kawu, ga wuri can kusa da gaɓa, ba kowa."

Ya ce, "Ɗana, ba kowa ne saboda dalili. Yanzu ruwa na cika. In ya janye, nan da kake nunawa yara ne za su yi wasa a kai."

Da ya zaɓi wuri, sai ya juyo da goshin jirgi ya fuskanci iska, ya tafi a hankali har jirgin ya tsaya cik. A sannan ya ɗaga hannu, yaron jirgi ya fara sauke anga. Ba jefawa ake yi ba, zura ta ake yi har ta taɓa ƙasa, sannan jirgi ya riƙa ja da baya sannu a hankali ana sakin sarƙa tana kwanciya a miƙe. In aka zube sarƙar gaba ɗaya a kan angar, sai ta naɗe ta, ta hana ta kamawa.

Lissafin sarƙar ne ya fi ɗaukar hankalina. Na'ura ta nuna zurfin mita 3. Kawu ya ƙara mita 1 saboda cikar ruwa, ya ƙara wata mita 1 saboda tsayin goshin jirgi daga kan ruwa, ya zama 5. Ya ninka sau biyar, ya ce a saki mita 25. An shafa wa sarƙar fenti a kowace mita 10 don a riƙa ƙirgawa da ido. Ya ce da igiya ce zalla, da sai ya ninka sau bakwai, haka nan in ana tsoron hadari. Na tambaye shi dalilin wannan tsawo duka a ruwan da bai kai gaba biyu ba. Angar tamu nauyinta kilo 15 ne kawai, jirgin kuwa ya kai tan da yawa, ashe ba nauyinta ne ke riƙe shi ba. Aikinta irin na garmar shanu ne: in an ja ta a kwance, bakinta nutsewa yake yi cikin ƙasa, ana ƙara ja tana ƙara shiga, in an ja ta sama, sai ta fito salin alin. Doguwar sarƙa mai nauyi ita ke sa jan ya zo mata a kwance. Gajeriyar sarƙa kuwa tsige ta take yi.

Da sarƙa ta miƙe, Kawu ya sa ribas, ya ƙara wuta kaɗan kaɗan. Ya kira ni goshin jirgi ya ce in ɗora tafin hannu a kan sarƙar, can gaba da inda take naɗewa, kada yatsa ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Da farko na ji tana karkarwa, tana wani gurr-gurr a hannuna, alamar angar tana jan ƙasa. Sai karkarwar ta ɗauke, sarƙar ta yi tauri ta ɗago daga ruwa tana ɗiga, jirgin ya ɗan dunkuyar da goshi. Ta kama. Duk da haka bai kashe inji ba sai da ya nuna mini wata bishiyar kwakwa a gaɓa da wani dogon ƙarfen sadarwa da ke bayanta, sun yi layi ɗaya. Ya ce in sa musu ido. Muddin suna tare, muna nan. In suka fara rabuwa, tafiya muke yi ko da ba mu ji ba. Daga ƙarshe yaron jirgi ya maƙala wata igiyar nailan a sarƙar ya ɗaure ta a goshi, don ita tana miƙewa, ita za ta riƙa shanye fizgar igiyar ruwa maimakon ƙarfen jirgi.

Da aka kashe inji sai kunne ya buɗe. Ana jin teku tana dukan bayan katanga, ana jin ihun yara masu hawan igiya a kan allo, waɗanda Tarkwa Bay ta yi suna da su. Muka ci burodin Agege da kifin gwangwani, muka sha shayi. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma mutum ba zai zauna a nan ya manta da abin da ya faru a watan Janairun 2020 ba, lokacin da sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin, bisa dalilin cewa ana fasa bututun mai a yankin. Yaron jirgi ya san wasu daga cikin waɗanda aka tasa, masunta da masu sayar da abinci. Satar mai laifi ce, ba mai musu. Amma ni dai a ganina, tashin gari guda saboda laifin wasu abu ne mai nauyi, kuma mu da muka sha ganin an rushe kasuwa da rumfunan 'yan'uwanmu a wannan birni mun san ɗacinsa.

Ta bakin mashigar, cikin hazo, ana hango manyan jirage jere a teku, kowanne a kan angarsa yana jiran layin shiga Apapa ko Tin Can. Wannan jira tsohon abu ne a Legas. A 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tasha za ta iya saukewa, jirage sama da 400 ne suka taru a nan, wasu suka yi watanni har simintin ya daskare a cikinsu. Cunkoson na daga cikin abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

Ba mu kwana a Tarkwa Bay ba. Kusa take da bututun mai da jami'an tsaro, kuma Kawu ba ya kwana inda ba a san shi ba. Bayan azahar muka ɗaga anga muka koma arewa, muka karya yamma muka shiga mashigin Badagry. Wannan yanki ba wurin tsayawa ba ne ko kaɗan. Ga Tin Can da ƙugiyoyin ɗaga kwantena, ga Snake Island da wurin gyaran jirage, ga manyan faranten ƙarfe ɗauke da kwantena ana tura su, waɗanda ba sa iya birki ko kaucewa da sauri, ga gawawwakin jiragen da suka nutse ƙarfensu ya leƙo. Ruwan baƙi ne, da mai yana yawo a kansa, da leda da robobi ba iyaka. Jami'an tsaron ruwa suka tsayar da mu, suka duba takardun jirgi da rigunan kariya, muka wuce.

Bayan an bar tashoshin sai duniya ta canza. Gine-gine suka ƙare, itatuwan bakin ruwa masu tsayuwa a kan saiwoyinsu suka rufe gaɓa, sai ƙauyukan masunta nan da can, da shingayen kama kifi da aka kafa a ruwa mara zurfi. A nan muka fara haɗuwa da kainuwa, irin mai shuɗin fure, tana tafe fage-fage. Ba 'yar ƙasa ba ce, asalinta Kudancin Amurka, kuma ta wannan mashigin ta shigo ruwan Legas daga Benin wajen 1984. Ruwan gishiri yana kashe ta, shi ya sa take yawa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, lokacin da ruwan koguna ya rinjayi na teku. Tana naɗe farfela, tana toshe inda inji ke shan ruwan sanyaya kansa. Yaron jirgi ya zauna a goshi da doguwar gora yana ture ta.

Da la'asar sakaliya muka iso Ilashe. Siririn tudu ne na yashi da kwakwa, mashigi ta arewa, teku ta kudu, mutum zai ƙetare shi da ƙafa cikin 'yan mintoci. Masu kuɗin Legas sun gina gidajen hutu a wurin, ɗaya daga ciki na abokin mai jirginmu ne, kuma maigadin gidan ɗan Arewa ne, ya san da zuwanmu. Duk da haka, bayan an sauke anga Kawu ya sa hula, ya ɗauki goro da ɗan abin hasafi, ya shiga ƙaramin kwalekwale ya je ya gai da baale, mai garin. Ya ce fashi a kan ruwa gaskiya ne a mashigan nan, kuma fitila da makulli ba su kai mutanen gari su san kai wane ne ba. Jirgin da aka san mai shi, masunta ne masu gadinsa.

Ƙasan ruwan a nan laka ce, ba yashi ba. Laka tana riƙo sosai in anga ta nutse can ciki, amma samanta ruwa-ruwa ne, don haka Kawu bai yi saurin sa ribas ba. Ya bar angar ta zauna da kanta tukuna, sannan ya ja ta a hankali. Abin da ya fi damunsa shi ne faɗin wurin. Jirgi a kan anga ɗaya zagaye yake yi, kuma faɗin da'irar ya kai tsawon sarƙa da tsawon jirgi a kowane gefe. Ya auna da ido: in ruwa ya juya, bayan jirgi ba zai shiga hanyar kwalekwalen haya ba, ba zai hau shingen masunta ba, ba zai zauna a tudu ba. Ya ce inda mashigi ya fi nan ƙunci, anga biyu ake sawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, jirgi ya riƙa juyawa a tsakaninsu wuri ɗaya. Da rana ta faɗi aka kunna farar fitila a can sama, wadda ake gani ta kowane gefe. Doka ta hana jiragen haya tafiyar dare, amma ba kowa ke bi ba, kuma masunta aikinsu na dare ne.

Salla a kan anga tana da nata ilimin. Alƙibla daga Legas tana gabas maso arewa, wajen digiri 63 a kamfas. Da magariba muka duba kamfas, alƙibla ta faɗo ta gefen dama na jirgin, muka shimfiɗa darduma muka yi salla. Da lokacin isha'i ya yi, ruwa ya riga ya juya, jirgin ya bi shi, goshinsa ya koma inda bayansa yake ɗazu. Wanda ya riƙe cewa alƙibla tana dama, da yamma zai kalla. Kawu ba ya tayar da salla sai ya sake duba kamfas, kuma ya ce abin da malamai suka koyar shi ne in jirgi ya juya kana cikin salla, ka juya ka bi alƙibla gwargwadon iko. A Tarkwa Bay da ruwan teku muka yi alwala, bisa hadisin nan da wani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa suna tafiya a teku da ruwan sha kaɗan, ya amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Amma ruwan wajen Apapa da mai da ƙazanta suka canza wa launi da wari, Kawu ya ce ko kusa, sai na jarka.

Wani masunci ya kawo mana karfasa da jatan lande, yaron jirgi ya yi dafa-duka da yaji. Sauro kuwa sai wanda ya gani, dole aka ɗaura gidan sauro a ɗaki. Muka raba dare, kowa da lokacin da zai zauna a farke. Akwai manhaja a wayar Kawu da aka zana wa da'ira, in jirgi ya fita daga cikinta sai ta yi ƙara, amma bai yarda ta maye gurbin idon mutum ba.

Gaskiyarsa ta fito can cikin dare. Ni ne a farke. Ruwa yana janyewa da ƙarfi, sai na fara jin wata ƙara ƙasa-ƙasa daga goshi, irin gurr-gurr ɗin da na ji a hannuna da rana, amma yanzu ta cikin jikin jirgi take zuwa. Na haska tocila, sai ga kainuwa ta taru a kan sarƙa, fage guda da ya fi jirgin faɗi, da guntayen itace da leda a ciki, ruwa yana tura ta, ita kuma tana tura mu. Fitilar gidan da na yi layi da ita da wata bishiya ta fara zamewa gefe. Na ta da Kawu. Wayar ba ta riga ta yi ƙara ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, riƙe tocila a kan sarƙa, kada ka haska mini ido." Ya kunna inji ɗaya ya ɗan matsa gaba don nauyi ya sauka daga kan angar. Yaron jirgi ya kwanta a goshi da gora da adda, yana yanka kainuwar yana raba ta biyu, rabi ta bi dama rabi ta bi hagu ta wuce. Da sarƙa ta fita, Kawu ya ƙara sakin mita 10, ya sa ribas a hankali har ta sake yin tauri, ya zaɓi sabon layi a gaɓa. Sannan ya ɗora ruwan shayi, ya zauna tare da ni har ruwan ya rage gudu. A nan ya ba ni labarin yadda mahaifinsa yake kwana a kwalekwale a Kwara da igiyar dutse ɗaure kusa da ƙafarsa, don in ta motsa ya ji.

Da safe muka ƙetara tudun da ƙafa muka ga teku. Igiya tana tashi fiye da tsayin mutum ta faɗo da rugugi, alhali ga jirginmu a bayanmu a ruwa lumui. Masunta suna tura babban kwalekwale cikin wannan igiya, suna ƙirga ta, suna jiran wadda za ta ba su hanya.

Daga Apapa zuwa Badagry ta ruwa wajen kilomita 60 ne. Sauran hanyar muka yi ta a hankali saboda tudun laka da tarun masunta. A gaban garin Badagry mashigin yana da faɗi, cika da janyewar ruwa ba su da ƙarfi kamar na kusa da tasha, iska ce ta fi juya jirgi. Muka sauke anga nesa kaɗan da jeti, wato inda jirage ke raɓawa a sauka, muka shiga gari a ƙaramin kwalekwale.

Na ga benen nan na 1845 da 'yan mishan suka gina, na ga gidan ajiye bayi na Seriki Abass mai ɗakuna 40, ƙanana, masu duhu. Sannan muka ƙetara zuwa Gberefu muka taka hanyar yashin da ta kai bakin teku, wadda bayi suka riƙa bi. A nan abin da na koya game da wannan gaɓa ya zo mini ta wata fuska. Tunda babu lungu, jiragen bayi ba sa matsowa. Can bayan igiya suke sauke anga su jira, a riƙa kai musu mutane a kwalekwale ta cikin rugugin nan da na gani a Ilashe, ɗaure da sarƙa. A cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, musamman a farkon ƙarni na 19. A Bahiya ta ƙasar Birazil, a 1807 hukumomi suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, kuma a watan azumin 1835 bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ta Badagry ɗin nan kuma Kyaftin Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1827. Ruwan nan da muke ɗauka na wasu ne, akwai tarihinmu a cikinsa tun kafin a shimfiɗa layin dogo zuwa Kano. Na tsaya a bakin tekun na yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a.

A daren Badagry, muna zaune a bayan jirgi, Kawu ya kawo maganar da ta daɗe tana cin ransa. Shekarunsa suna ja, kuma bai taɓa samun yaro daga gida da ya zo koyon aikin ba. Tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, samarinmu da yawa sun rasa abin yi, suna zaune a bakin kasuwa. A gefe guda kuma harkar ruwa tana buɗewa: jiragen haya zuwa Ikorodu, Badore, Ojo da Apapa, jiragen kamfanoni, jiragen shaƙatawa, duk suna neman matuƙa da yaran jirgi masu amana, kuma akwai hukumomin hanyoyin ruwa, LASWA ta Jihar Legas da NIWA ta tarayya, da ke kula da rajista da ƙa'idojin aikin. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tsoron ruwa ne ya tare mu, alhali muna da Sarkawa, muna da masuntan Argungu da na tafkin Cadi, ba baƙin ruwa ba ne mu.

Da mai jirgi ya kira cewa sun kusa, sai aka shirya ɗaga anga a matsa jeti. Kawu ya tafi gaba a hankali yaron jirgi yana naɗe sarƙa, har ta tsaya tsaye a kan angar. Lakar Badagry ta riƙe ta gam. Bai yi kokawa da ita ba, ya sa aka ɗaure sarƙar, ya ɗan taɓa inji gaba, nauyin jirgin ya tsige ta. Ta fito da baƙar laka mai wari, da tsohon taru, da buhun leda naɗe a bakinta. Muka yi ta zuba bokiti muna wankewa kafin sarƙa ta shiga ma'ajinta, tarun da ledar kuma Kawu ya ce a sa a buhu a kai tudu, kada a mayar ruwa. Ya buɗe wani tsohon littafinsa ya rubuta zurfin wurin, da irin ƙasarsa, da tsawon sarƙar da ya saka, kamar yadda ya rubuta na Tarkwa Bay da Ilashe.

Ni a mota na koma, ta Mile 2. Kafin mu rabu ya ba ni saƙo in kai wa dattawan unguwarmu a Agege: yana neman samari biyu da zai koya wa aikin. Sharuɗɗansa uku ne. Yaro ya yarda a fara koya masa iyo kafin komai, ya iya ɗan lissafin tarawa da ninkawa, kuma kada ya kasance mai nauyin barci.